Yadda Ake Kare Kufan Rumawa Idan Za a Yi Gini a Tsakiyar Birni

A watan Satumba na 1954, a ranar da aka shirya rufe wani tono a tsakiyar birnin Landan, ma'aikata suka zaƙulo kan wani gunki na marmara daga cikin ƙasa. Kan Mitra ne, abin bautar da sojojin Rum suka yi riƙo da shi sosai, kuma da ganinsa masanin da ke jagorantar aikin, W. F. Grimes, ya tabbatar cewa kangon da suke tonowa ɗakin bauta ne da aka gina wajen shekara ta 240 miladiyya. Dubban mutane suka yi ta jerin gwano domin su gani da idonsu. Sai dai an riga an gama zanen ofisoshin da za a gina a filin, an ba da kwangila, kuɗi sun fara fita. Saboda haka aka kwance duwatsun aka jibge su a gefe, sai a 1962 aka sake harhaɗa su a bakin titi, nesa da mazauninsu da kamar mita 100, aka liƙe su da siminti irin na zamani ta yadda fasalin ginin ya sauya. Babu wanda ya yi niyyar ɓarna a wannan aiki. Makara aka yi, domin ba a san abin da ke ƙarƙashin filin ba sai bayan an yanke duk shawarwarin da za su iya cetonsa.

Wannan jagora ta shafi mai fili, da mai zanen gini, da injiniya, da ɗan kwangila, da kuma leburan da ke riƙe da shebur a biranen da Rumawa suka zauna, daga Ingila zuwa Jamus, daga Italiya zuwa gaɓar tekun Afirka ta Arewa. Ba ƙaramin adadi ne na 'yan'uwanmu daga Nijar da Najeriya ke aikin gini a Aljeriya da Libiya da Italiya ba, kuma sau da yawa idon mai haƙa ne yake fara ganin abin da masana za su shafe shekaru suna nazari a kansa.

Mataki na farko: sanin filin tun kafin a saye shi

Tsofaffin birane suna hawa ne a kan ɓaraguzan kansu. Gida ya rushe, a baje shi, a yi wani a kai. Gobara ta ci unguwa, a daidaita tokar, a sake gini. Kogi ya yi ambaliya ya bar laka. A haka daɓen da Barume ya taka ya koma mita bakwai ƙasa da titin yau a wasu sassan Landan, ya kai mita tara ko fiye a wasu sassan Roma. Abin da wannan ke nufi ga mai gini shi ne, gida mai hawa ɗaya zai iya zama a saman kufai ba tare da ya taɓa shi ba, amma bene mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko wurin ajiye motoci zai ratsa shi kai tsaye.

Aikin farko na takarda ne, kuma shi ne mafi arha a cikin duka. Ana ɗauko masanin binciken kayan tarihi ya tattara tsofaffin taswirori, da rahotannin tonon da aka taɓa yi a filayen maƙwabta, da bayanan ramukan da injiniyoyi suka haƙa domin gwajin ƙasa, da zanen ginin da ke tsaye a filin yanzu. Zanen tsohon ginin yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ne zai nuna inda aka riga aka ƙwaƙule ƙasa har aka wuce zamanin Rumawa, da inda ba a taɓa ba. Daga nan masanin zai fitar da taswira mai nuna zurfin da ake sa ran haɗuwa da kufai, da kaurinsa, da ko ƙasar busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya. Wanda ya yi wannan tun kafin ya biya kuɗin fili yana da damar ya rage farashi ko ya sauya irin ginin da zai yi.

Mataki na biyu: zama da hukuma da wuri

A 1992 ƙasashen Turai suka rattaba hannu a Valletta, babban birnin Malta, kan yarjejeniyar da ta ce a shigar da maganar kayan tarihi cikin tsarin ba da izinin gini, kuma a fifita barin su a inda suke. Kowace ƙasa ta bi tata hanyar. A Ingila, bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 1989 kan gidan wankan Rumawa na Huggin Hill da kuma kufan tsohon gidan wasan kwaikwayo na Rose, duka a Landan, gwamnati ta fitar da ƙa'ida a 1990 wadda ta ɗora wa mai gini nauyin biyan kuɗin binciken. Faransa ta kafa cibiyar Inrap a 2002 domin irin wannan tono na riga-kafi, ta kuma sa haraji a kan ayyukan da ke taɓa ƙasa. A Italiya, dokar kayan al'adu ta 2004 ta ce abin da aka samu a ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati ne, kuma ofishin kula da kayan tarihi da suke kira Soprintendenza ne ke da ta cewa.

Shawarata ita ce kada a jira sai an gama zane kafin a je wa jami'in da ke kula da tarihin birnin. A je masa da rahoton takarda da kuma zane na farko-farko wanda ba a kashe kuɗi sosai a kansa ba. A wannan zaman ne za a san abin da hukuma ba za ta taɓa yarda a taɓa ba, da abin da za ta yarda a tone bayan an rubuta bayaninsa. A nan ne kuma ya kamata a ware kuɗi da watanni na musamman a cikin jadawalin aiki, a rubuta a kwangila wanda zai ɗauki asarar idan aiki ya tsaya. Idan ba a rubuta ba, asarar takan faɗa kan ɗan kwangila, shi kuwa wanda jinkirin kwana ɗaya ke ci masa kuɗi yana cikin jarrabawar ya kau da kai idan ya ga bango a rami.

Mataki na uku: leƙa ƙasa ba tare da an yi mata illa ba

Akwai na'urar da ke aika igiyar rediyo cikin ƙasa ta dawo da hoton abin da ke ciki, kuma tana aiki da kyau a gona ko a fili. A tsakiyar birni kuwa bututun ruwa da wayoyin lantarki da rodin tsofaffin gine-gine suna rikita ta, don haka ba a dogara da ita kaɗai. Abin da ya fi ba da tabbaci shi ne huda ƙasa da siririn bututu a ciro samfurinta daga sama har ƙasa, sannan a haƙa ramukan gwaji a wuraren da aka zaɓa. A Faransa akan buɗe kamar kashi goma cikin ɗari na fili a wannan mataki idan wurin ya ba da dama.

Yadda ake haƙa ramin gwajin ya cancanci a tsaya a kansa. Ana cire wa katafila bokitinta mai haƙora a sa mata mai baki sumul, direba yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin da bai wuce tafin hannu ba a kowane ja, masanin kuma yana tsaye a gaban bokitin yana kallon launin ƙasar. Da farko ɓaraguzan bulo da kwalabe ne ke fitowa, sai baƙar ƙasa mai laushi, sai kwatsam a ga gutsuren jan tayil mai kauri, ko ɓallin kasko mai ja da sheƙi, ko ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu da ba su fi ƙwayar masara girma ba, waɗanda Rumawa ke jerawa su yi adon daɓe. Da zarar masanin ya ɗaga hannu, inji ya tsaya, sauran aikin ya koma na cokalin birkila da buroshi. Manufar ramin ita ce a san zurfin kufan da darajarsa, saboda haka ba a ratsa shi sai a wuri ɗaya ko biyu domin a san kaurinsa.

Mataki na huɗu: sauya zane domin gini ya tsallake kufai

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne injiniya ya fi masanin tarihi iko. Duk tono, komai kyansa, rushewa ne, domin ƙasar da aka kwashe ba ta komawa yadda take, kuma masanan da za su zo bayan shekara hamsin da kayan aikin da suka fi namu ba za su sami abin da za su duba ba. Don haka tambayar farko ita ce yadda za a ɗora nauyin ginin ba tare da an taɓa abin da ke ƙasa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fasa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko a rage zurfinsa, ko a mayar da shi ɓangaren da tsohon gini ya riga ya ƙwaƙule. Idan ginin ba shi da nauyi sosai, akan zuba masa shimfiɗaɗɗen kankare guda ɗaya a saman ƙasar da ke lulluɓe da kufan, bayan injiniya ya lissafa cewa nauyin ba zai danne daɓe ko ya tsaga bango ba. Idan kuwa dogon bene ne wanda dole sai an kafa masa turakun kankare masu zurfi, to akwai dabaru uku da ake haɗawa: a rage yawan turakun a ƙara musu kauri, a nisanta su da juna ta hanyar ɗora manyan gadoji na kankare a kansu, sannan a zaɓi mazaunin kowace turke bisa taswirar kufan, ta yadda za ta sauka a tsakar gida ko a kan titi maimakon ta huda daɓen ado. Inda tsofaffin turakun ginin da aka rushe suke da ƙarfi, sake amfani da su ya fi komai, tunda ɓarnarsu ta riga ta auku. Birnin York na Ingila, wanda sansanin sojan Rum ne asalinsa, ya daɗe da kafa ƙa'idar cewa sabon gini kada ya lalata fiye da kashi biyar cikin ɗari na abin da ke ƙarƙashin filinsa, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowane injiniya ko da dokar garinsa ba ta tilasta masa ba.

Akwai ɓarnar da ba ta fitowa a babban zane, ita ce kuma ta fi yawa. Ramin lif, da magudanar ruwa, da tankin ƙarƙashin ƙasa, da gindin kuranin ɗaga kaya, duk suna shiga ƙasa. Mafi muni shi ne al'adar da masu kafa turaku ke da ita ta tura katafila ta tono duk wani abu mai tauri da zai tare musu hanya, wanda yakan mayar da huda mai faɗin mita ɗaya ta zama rami mai faɗin ɗaki. A rubuta a kwangila cewa ba za a yi wannan ba sai masanin yana tsaye, kuma inda aka ci karo da bangon Rumawa a huda shi da na'urar yanka maimakon a tumɓuke shi.

Cewa wannan mai yiwuwa ne, an gani. A 1988 aka gano dandalin wasan Rumawa a ƙarƙashin harabar Guildhall a Landan ana shirin gina gidan zane-zane, aka sake zanen ginin, aka bar bangayen a mazauninsu aka yi gini kewaye da su. A Aljiyas, da tonon da aka yi a dandalin Shahidai ya fito da kufan garin Ikosiyum na zamanin Rumawa har da daɓen ado na wata tsohuwar majami'a, sai aka rage faɗin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da za a gina a wurin.

Mataki na biyar: tone abin da ba makawa sai an taɓa shi

Sashen da gini zai ci dole, ana tone shi da hannu kafin injina su shigo, daga sama zuwa ƙasa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana ba kowace lamba, ana zana ta, ana ɗaukar hotonta, ana auna tsayinta. A tanadi rumfa saboda ruwan sama, da katakon tokare rami, da mai gadi na dare, domin labarin tsohon kuɗi yana saurin yaɗuwa. Idan aka haɗu da kabari, a rufe shi daga idon jama'a a nemi izinin da doka ta tanada. A Ingila ma'aikatar shari'a ce ke ba da shi.

Kayan da suka fito daga jiƙaƙƙiyar ƙasa su ne mafi daraja kuma mafi rauni. Bayan kamfanin Bloomberg ya sayi filin nan na ɗakin bautar Mitra a 2010, masu tono na MOLA, wata cibiyar binciken kayan tarihi ta Landan, sun ciro abubuwa fiye da 14,000 daga lakar tsohon rafin Walbrook, har da takalman fata da alluna 405 na katako. Siraran alluna ne da ake shafa wa kakin zuma a yi rubutu da tsinken ƙarfe. Kakin ya narke tuntuni, amma tsinken ya bar sawunsa a jikin katakon, har masani Roger Tomlin ya karanta wata takardar bashi mai ɗauke da kwanan wata 8 ga Janairu na shekara ta 57. Irin wannan allo, idan aka bar shi a rana na 'yan sa'o'i, zai kanannaɗe ya tsage, rubutun ya tafi. Ƙa'idar ita ce abin da ya fito a jiƙe ya zauna a jiƙe, cikin ruwa mai tsabta da sanyi da duhu, har ya isa hannun masu adanawa. Haka aka ceci jiragen ruwan sojan Rum da aka samu a birnin Mainz na Jamus a 1981 zuwa 1982 ana haƙa harsashin faɗaɗa wani otal.

Wani lokaci akan kwance gini dungurungum a mayar da shi daga baya, kamar barikin soja na zamanin sarki Hadriyan da aka gano a 2016 a aikin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na uku na birnin Roma. Wannan hanya ce ta ƙarshe, mai tsada, kuma ba ta halatta sai an lambata kowane dutse an auna mazauninsa.

Mataki na shida: binnewa da tsare wurin yayin gini

Kufan da aka buɗe aka yanke shawarar barinsa, binne shi ake yi da tsari. Bayan an gama zane da hoto, ana tokare bangon da ya yi rauni, a cike ramuka da hannu, a zuba wankakken yashi mai laushi wanda babu gishiri a cikinsa, a shimfiɗa yadin roba mai barin ruwa ya wuce, a ƙara wani yashin, sannan a ɗora raga mai launi wadda za ta gargaɗi duk wanda ya zo haƙa nan gaba. Yashin bakin teku haramun ne a nan, haka ma zuba kankare kai tsaye a kan tsohon bango, domin gishirin da ke cikinsu yana shiga dutse ya ci shi daga ciki. Leda ma ba a naɗe kufai da ita, saboda tana tara gumi.

Daga nan sai a kewaye wurin da shinge, a hana manyan motoci bi ta kai sai an shimfiɗa tsakuwa mai kauri da za ta raba nauyinsu, a hana wanke injin kwaɓa siminti ko zuba mai a kusa. Kowane sabon ma'aikaci a nuna masa samfurin tayil da kasko da duwatsun daɓe a hannu, cikin harshen da yake ji, a kuma gaya masa ƙarara cewa ba za a yanke masa kuɗin yini ba idan ya tsayar da aiki saboda ya ga wani abu. Wanda ya ci karo da abu bagatatan ya dakata, ya bar shi a yadda yake, ya sanar da shugaban aiki. A Italiya doka ta ba da sa'o'i 24 a kai rahoto ga hukumar kayan tarihi ko magajin gari ko jami'an tsaro, kuma sa tsohon kuɗi ɗaya a aljihu laifi ne da zai iya kai mutum kotu.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Katako da fata sun shekara kusan dubu biyu ne saboda laka ta hana iska isa gare su. Idan ɗan kwangila ya kafa famfo ya janye ruwa domin ya samu busasshen rami, ko katangar ƙarƙashin ƙasa ta datse hanyar da ruwan ke bi, iska za ta shiga, ruɓa ta fara, ba a filinsa kaɗai ba har da na maƙwabta, kuma babu mai gani tunda komai yana binne. Maganin shi ne a kafa bututun awon ruwa tun kafin a fara aiki, a riƙa karantawa lokacin gini da kuma shekaru bayansa, a kuma amince tun farko kan matakin da idan ruwa ya sauka ƙasa da shi za a kashe famfo.

Mataki na bakwai: nunawa ga jama'a da rubuta sakamako

Ba kowane kufai ne ya dace a bar shi a buɗe ba. Wanda ke ƙarƙashin gilashi yana fama da gumi, da farin gishirin da ke tsatsowa a jikin bulo idan ya bushe, da gansakukar da hasken fitila ke haifarwa, saboda haka sai an tanadi iska mai daidaito da wanda zai riƙa kula da shi, an kuma rubuta wanda zai biya. Inda aka yi hakan, sakamakon yana da kyau. A birnin Kolon na Jamus, daɓen adon da aka gano a 1941 ana haƙa maɓoyar yaƙi bai motsa daga wurinsa ba, gidan tarihi aka gina a kansa aka buɗe a 1974. A Roma, mai sayayya a kantin Rinascente na titin Tritone yana sauka ƙasa ya ga bakunan hanyar ruwan Aqua Virgo, wadda Agrippa, wani babban jagoran Rumawa, ya kammala shekara 19 kafin miladiyya. Ɗakin bautar Mitra ma an mayar da shi kusa da mazauninsa na asali, mita bakwai ƙasa da titi, aka buɗe shi ga jama'a a watan Nuwamba na 2017.

Ko an nuna ko an binne, sauran aiki yana nan bayan an kwashe shinge. Wanke kayan da aka samu, da nazarinsu, da buga rahoto, da miƙa akwatuna ga gidan tarihi sukan ɗauki shekaru, kuma kuɗinsu dole ya kasance cikin kasafin farko. A ƙarshe a miƙa wa hukumar birni da mai ginin taswirar da ke nuna ainihin mazaunin abin da aka binne, da zurfinsa, da wurin kowace turke, a ajiye kwafinta tare da takardun mallakar filin, domin ginin da ake yi yau za a rushe shi wata rana, kuma injiniyan da zai zo a lokacin da wannan taswirar zai fara nasa aikin.